Daga A4 zuwa katin zaɓe: Lissafin girman takarda da yadda yake taimakawa wajen bin diddigin kuɗin ɗab'i

Da zarar kakar siyasa ta kama, takarda ce ke fara sanar da jama'a. Fastocin 'yan takara su rufe katanga da turakun lantarki, takardun manufofi su cika tashoshin mota, injunan maɗaba'u daga Shomolu ta Legas zuwa Kaduna da Kano su kwana suna aiki. A ɓangaren gwamnati kuwa, ba ya buƙatar kaka. Da wuya a buɗe kasafin kuɗin wata ma'aikata ba a ga layin sayen kayan rubutu na ofis da layin buga takardu ba, na tsaro da waɗanda ba na tsaro ba.

Duk da yawan kuɗin da ke bi ta wannan hanya, ba kasafai ake tuhumarsa ba, domin mutane da yawa na ɗaukar harkar ɗab'i a matsayin sana'ar da sai masu ita ke gane kanta. Alhali girman takarda da nauyinta abubuwa ne da aka ƙayyade da lamba, kuma lambobin ɗaya ne a Berlin da Birnin Kebbi. Wanda ya san su zai iya ɗaukar takardar kwangila, ya yi lissafi da wayarsa, ya gane ko abin da aka biya shi ne aka kawo.

Asalin siffar A4

Takardar A4 tana da faɗin milimita 210 da tsawon milimita 297. Waɗannan lambobi sun fito ne daga wata matsala da masu yankan takarda suka daɗe suna fama da ita. Idan aka raba takarda mai kusurwa huɗu daidai wa daida gida biyu, kowane rabi zai fito siriri mai tsawo. Idan aka raba wadda tsawonta ya ninka faɗinta, rabin zai koma mai kusurwa huɗu daidai wa daida. A duka biyun siffa ta canja, don haka rubutun da aka tsara wa babbar ba zai zauna a kan ƙaramar ba sai an bar fili ko an datse gefe.

Gwargwado ɗaya ne kaɗai ke kauce wa wannan: tsawo ya kasance faɗi sau 1.414, wato lambar da idan aka buga ta da kanta za ta ba da 2. Takardar da ke da wannan siffa, ko sau nawa aka raba ta biyu ta tsawonta, rabin zai fito da siffar uwarsa. Duk wanda ya raba 297 da 210 zai ga wannan lamba.

Masanin kimiyya na Jami'ar Göttingen, Georg Christoph Lichtenberg, ya yi bayanin wannan fa'ida a wata wasiƙa a 1786. A 1798 Faransa ta yi dokar harajin hatimi wadda ta ƙayyade wasu girman takardu a kan wannan siffa, amma tsarin bai bazu ba. Sai a 1922 hukumar ma'auni ta Jamus ta fitar da shi a matsayin ƙa'ida mai lamba DIN 476, bisa aikin injiniya Walter Porstmann. Ƙasashe suka riƙa ɗauka ɗaya bayan ɗaya, har a 1975 ya zama ƙa'idar duniya mai suna ISO 216. Hukumar SON ce ke wakiltar Najeriya a ƙungiyar da ke fitar da waɗannan ƙa'idoji.

Porstmann ya ƙara abu guda da ya mayar da tsarin abin lissafi. Ya sa babbar takarda ta farko, A0, ta kasance murabba'in mita ɗaya cif, faɗi milimita 841, tsawo 1189. Daga nan sai rabawa:

- A1: 594 da 841
- A2: 420 da 594
- A3: 297 da 420
- A4: 210 da 297
- A5: 148 da 210
- A6: 105 da 148

Lambar da ke bayan harafin tana nuna sau nawa aka raba A0. Ke nan A0 guda tana ba da A1 biyu, A2 huɗu, A3 takwas, A4 goma sha shida, A5 talatin da biyu, A6 sittin da huɗu, ba tare da an zubar da ko ɓarɓashi ba. Wannan ne dalilin da ya sa injin fotokofi ke da maɓallin kashi 141 da na kashi 71 cikin ɗari: na farko yana mayar da A4 ta zama A3, na biyu yana mayar da A3 ta zama A4, kuma komai ya zauna a muhallinsa.

A amfanin yau da kullum, A4 ita ce ta wasiƙa da takardar neman aiki da rahoto. A5 da A6 su ne na takardun da ake rabawa hannu da hannu da katin gayyata. A3 da A2 su ne na fasta. Akwai kuma jerin B da ke cike gurbi tsakanin na A, wanda littattafai ke yawan amfani da shi, kamar B5 mai milimita 176 da 250.

Ambulan da kati

An ƙirƙiri jerin C domin ambulan, kuma kowane ɗaya ya ɗara takwaransa na A kaɗan don takarda ta shiga ba tare da matsi ba. C4, mai milimita 229 da 324, yana ɗaukar A4 a miƙe, shi ya sa ya dace da takardar shaidar karatu da duk abin da ba a so a ninke. C5, mai 162 da 229, yana ɗaukar A4 da aka ninke sau ɗaya. C6, mai 114 da 162, yana ɗaukar wadda aka ninke sau biyu. Dogon ambulan ɗin ofis da aka fi sani, DL, milimita 110 ne da 220, an yi shi ne domin A4 da aka ninke gida uku. Mai aika takardar koke ko ta neman aiki da ya san wannan ba zai sayi ambulan ɗin da zai tilasta masa murƙushe takardarsa ba.

Katunan roba suna bin wata ƙa'ida ta daban, ISO/IEC 7810. Girman da ake kira ID-1 milimita 85.60 ne da 53.98. Shi ne girman katin ATM, da lasisin tuƙi, da katin ɗan ƙasa, da katin zaɓe na dindindin. Saboda wannan daidaito ne katin da wani banki ya bayar a Gusau ke shiga na'urar cirar kuɗi a Makka ko Landan. Fasfo kuma yana bin girman ID-3, milimita 125 da 88, wanda ya yi daidai da B7, domin na'urorin filayen jiragen sama na duniya su iya karanta shi.

Ƙaramin katin da ke ɗauke da suna da lambar waya ba shi da ƙa'ida ɗaya tilo. A Turai an fi amfani da milimita 85 da 55, a Amurka inci 3.5 da 2. Guda goma na Turai suna fita daga A4 ɗaya, layi biyu, biyar-biyar. Haka hoton fasfo: ƙasashen Turai na neman milimita 35 da 45, bizar Amurka kuwa inci 2 da 2. Matashin da ya kai hoto mai girman wata ƙasa ga ofishin wata zai iya komawa gida da takardunsa.

Ma'aunin Amurka da tsohuwar fulskaf

Amurka da Kanada ba su bi tsarin A ba. Takardarsu ta yau da kullum, Letter, inci 8.5 ce da 11, wato kusan milimita 216 da 279. Ta fi A4 faɗi da milimita 6, ta gaza ta tsawo da milimita 18. Suna kuma da Legal, inci 8.5 da 14. Gwamnatin Amurka kanta ta daɗe tana aiki da wani girma na daban, inci 8 da 10.5, kafin ta koma Letter a zamanin Shugaba Ronald Reagan.

Wannan bambanci yana shigowa Najeriya ta kwamfuta. Manhajar Microsoft Word da aka saita a kan Turancin Amurka takan buɗe sabon shafi a girman Letter, alhali A4 ce a cikin firinta. Sakamakon shi ne rubutu ya karkace, lambar shafi ta tashi daga wurinta, ko tebur ya datse a gefe. Idan aka umarci na'ura ta daidaita, za ta ƙanƙantar da shafin Letter zuwa kusan kashi 97 cikin ɗari don ya shiga A4, ko shafin A4 zuwa kusan kashi 94 don ya shiga Letter. Ga wasiƙa wannan ba komai ba ne. Ga fom mai akwatuna da layukan da na'ura za ta karanta, yana iya zama matsala. Maganin mai sauƙi ne: a duba girman shafi kafin a fara rubutu, a mayar da aikin PDF kafin a kai shagon bugawa.

Akwai kuma fulskaf, doguwar takarda mai kusan inci 8 da 13 da aka gada daga Turawan Ingila. Sunan ya samo asali ne daga hoton hular wawan sarki da tsofaffin masana'antu ke sakawa a jikin takardar a matsayin alama. Ingila ta koma A4 tuntuni, amma sunan da girman sun wanzu a makarantu da tsofaffin fayil-fayil na ofisoshi. Duk wanda ya taɓa yin fotokofin tsohuwar takardar fili ko ta kotu a kan A4 ya ga layukan ƙarshe sun ɓace, ya gamu da wannan gado. Sau da yawa a waɗannan layuka ne sa hannu da kwanan wata suke.

Nauyi: lambar da ke jikin kowane rim

A jikin kunshin takarda akan ga an rubuta 70 ko 75 ko 80, da haruffan gsm a gaba. Ma'anarsa giram nawa murabba'in mita ɗaya na takardar yake. Tun da A0 murabba'in mita ɗaya ce, kuma A4 kashi ɗaya ce cikin 16 nata, falle ɗaya na A4 mai giram 80 yana da nauyin giram 5. Rim mai falle 500 kilo 2.5 ke nan, katan mai rim biyar kilo 12.5, tan ɗaya kuma rim 400 ko falle 200,000.

Rim mai giram 70 kuwa bai kai kilo 2.2 ba. A ido, kunshin biyu kusan ɗaya suke. A kan sikeli, bambancinsu kashi ɗaya ne cikin takwas. Ofishin da ya biya kuɗin rim dubu na giram 80 aka kawo masa na giram 70 ya yi asarar takarda fiye da kilo 300, ko da kuwa adadin fallen ya cika.

Wannan lissafi yana nuna girman aikin zaɓe a ƙasa kamar Najeriya. A 2023 hukumar INEC ta yi wa mutum 93,469,008 rajista, a rumfuna 176,846. A matsayin misali kawai, da za a ba kowace rumfa falle ɗaya na A4, ana buƙatar rim 354. Da za a ba kowane mai rajista falle ɗaya, ana buƙatar rim kusan 187,000, wato takarda fiye da tan 467. Ƙuri'a ta gaske tana da nata girma da nata alamomin tsaro, kuma a ranar zaɓen tarayya uku ake ba mai zaɓe, ta shugaban ƙasa da ta sanata da ta ɗan majalisar wakilai. Tsawon ƙuri'a kuma yana bin yawan jam'iyyu. A 2019 'yan takarar shugaban ƙasa 73 ne, a 2023 kuwa 18, bayan INEC ta soke rajistar jam'iyyu 74 a watan Fabrairun 2020. Kowane layi da aka ƙara a jikin ƙuri'a ana maimaita shi sau miliyoyi, don haka muhawarar yawan jam'iyyu tana da ɓangaren da ake aunawa da tan.

Me ya sa takarda ke bin farashin dala

Takarda ta daɗe tana zama hajar ƙetare a wannan yanki. Da yawa daga littattafan da malaman Sakkwato da Kano da Barno suka rubuta da hannu a ƙarni na 19 an rubuta su ne a kan takardar Italiya mai alamar jinjirin wata uku, wadda fatake ke ɗaukowa ta hamada.

Bayan samun 'yancin kai, gwamnatin tarayya ta gina manyan masana'antun takarda uku: ta Jebba a jihar Kwara ta yanzu, ta Oku Iboku a Akwa Ibom domin takardar jarida, da ta Iwopin a Ogun domin farar takardar rubutu da ɗab'i. Dukansu sun durƙushe, daga baya aka sayar da su ga 'yan kasuwa, kuma mafi yawan farar takardar da ake amfani da ita a ƙasar daga waje ake shigo da ita. Shi ya sa lokacin da aka saki naira ta nemi darajarta a kasuwa a watan Yunin 2023, farashin rim da littafin makaranta da fasta suka tashi tare. Idan abu ya yi tsada haka, kowane santimita da aka zubar a kwandon shara kuɗi ne.

Lissafin fasta

Gyaran tsarin mulki na 2018, wanda aka fi sani da dokar ba matasa damar tsayawa takara, ya rage shekarun neman kujerar majalisar wakilai da ta jiha daga 30 zuwa 25. Dokar Zaɓe ta 2022 kuma ta ƙayyade abin da ɗan takara zai iya kashewa, daga naira biliyan 5 ga mai neman shugabancin ƙasa zuwa miliyan 5 ga mai neman kansila. Matashin da ya fito da ƙaramin jari yana buƙatar sanin inda kowace naira ta tafi, kuma maɗaba'a na cikin wuraren farko da zai kai kuɗinsa.

A ɗauki misali. An yi yarjejeniyar buga fasta 10,000 girman A2 a kan takarda mai giram 130. A2 kashi ɗaya ce cikin huɗu na murabba'in mita, don haka aikin zai ci murabba'in mita 2,500, wato kilo 325. Idan aka kawo fasta 10,000 girman A3 a kan takarda mai giram 90, abin da aka ci murabba'in mita 1,250 ne, kilo 112.5. Adadi ya cika, hoton ɗan takara ya fito, amma takardar da aka kawo kusan kashi ɗaya ce cikin uku na wadda aka biya. Ruler da sikelin mai sayar da shinkafa sun isa su tona wannan: fasta 100 na yarjejeniyar farko ya kamata su yi kilo 3.25.

Sanin girma yana kare mai bugawa shi ma daga zargi mara tushe. Maɗaba'a ba ta buga A3 a kan takarda mai girman A3 cif. Tana amfani da wadda ta ɗara kaɗan, kamar SRA3 mai milimita 320 da 450, domin launi ya wuce iyaka da kusan milimita 3 sannan a datse gefen ya fito fes. Haka kuma, idan mai aiki ya dage sai an yi masa wani girma da ba ya cikin jerin, abin da aka yanke aka zubar shi zai biya. Takardar rabawa da ta ɗara A5 da yatsa ɗaya tana iya rage adadin da ke fita daga kowane babban falle, farashi ya tashi ba tare da mai karatu ya ga wani bambanci ba. Ƙaramin littafin manufofi kuwa, tun da falle ɗaya da aka ninke yana ba da shafi huɗu, dole yawan shafinsa ya rabu da huɗu. Mai shafi 17 zai biya kuɗin 20.

Takarda ba ita ce dukan kuɗin ɗab'i ba. Akwai tawada, da farantin bugawa, da man janareto, da ladan ma'aikata, da sufuri, da ribar mai sana'a, kuma takardun tsaro irin su ƙuri'a da takardar shaida suna da ƙarin tsada ta halal. Sai dai takarda ita ce ɓangaren da kowa zai iya aunawa da kansa, kuma daga nan ne tambaya ke samun madafa.

Tambayoyin da suka dace a yi

Dokar Sayen Kayan Gwamnati ta 2007 ta tanadi a bayyana siffar kayan da za a saya kafin a ba da kwangila. Dokar 'Yancin Samun Bayanai ta 2011 kuma ta ba kowa damar neman bayani a rubuce daga hukumar gwamnati, ta kuma ba hukumar kwana bakwai ta amsa. Ɗan jarida ko ƙungiyar matasa ko ɗalibin da ke bibiyar kuɗin ƙungiyar ɗalibai, duk wanda ya ga layin buga takardu a kasafi ko a rasit, yana da tambayoyi biyar da zai fara da su: wane girma, giram nawa, kwafi nawa, shafi nawa, launi nawa kuma fuska ɗaya ko biyu.

Idan amsoshin suka samu, sauran aikin lissafin firamare ne. A buga adadin kwafi da girman falle a sami murabba'in mita, a buga da giram a sami kilo, a tambayi farashin takarda a kasuwa, sannan a kai siffar aikin ga maɗaba'u biyu ko uku su faɗi nasu farashin. Idan kuwa takardar kwangila ta ce an buga fastocin wayar da kai na miliyoyin naira ba tare da ambaton girma ko nauyi ko adadi ba, wannan giɓi shi ne abu na farko da ya kamata hukumar ta yi bayaninsa, domin babu mai maɗaba'ar da zai yanka farashi bai san waɗannan lambobi ba.